Guntun Taɓaryar Inna

Ku masu zaman bencin ƙofar shagona, kun ishe ni. Wanda ya kawo keken ɗinki gyara sai ya tambaye ni Togo, wanda ya zo shan inuwa sai ya tambaye ni Togo, har Bawa mai shayi, da bai taɓa wuce Birnin Kebbi ba, ya fara gyara mini labarin ƙasar da ni na taka da ƙafata. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, daga tushe. Wanda ya sake tambaya, takardar nan zan miƙa masa in ci gaba da aikina.

Kun san ni, gyaran keken ɗinki ne sana'ata a nan Jega tun ina saurayi. Abin da ya ja ni ga sassaƙar alƙalami kuwa, wani baƙo ne, Alhaji Isifu, ɗan kasuwar Sokode da ke zuwa sarin albasa. Wata rana yana zaune a shagona ya zaro biro daga aljihu, sai na ga jikinsa ice ne, ja, sumul, da zanen jijiyar icen kwance a kansa. Na ce, “Alhaji, wane kanti?” Ya yi dariya ya ce ba kanti, shi ya yi da hannunsa. Ya ce ana huda guntun ice, a sa masa siririn bututun tagulla a ciki da gam, a ɗora a inji yana juyawa, kai kuma kana cin jikinsa da cizal, ƙarfen sassaƙa, har ya zama siriri. Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Na haɗa ɗan injina da moton wani mataccen keke, Alhaji ya riƙa kawo mini bututun da kan biron, na yi ta ɓarnar icen darbejiya da maɗaci har hannuna ya faɗa.

Sai na tuna da taɓaryar Inna.

Inna mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Ƙuli-ƙuli ta yi duk rayuwarta, da taɓarya ɗaya ta icen kirya take tuƙa tunkuza a turmi har mai ya fito. Bayan rasuwarta, ranar wani suna a gidanmu, na shigo na tarar masu girki sun cusa taɓaryar a murhu wai itace ya ƙare. Abin da na faɗa musu ranar ba zai shiga takarda ba. Na fizgo ta, na tsoma a ruwa, abin da ya tsira kai ɗaya ne kawai, bai kai kamu ba.

'Yata ta fari sunan Inna ta ci, shi ya sa muke ce mata Mama, don ni bakina bai taɓa kama sunan nan ba. A ɗakin Inna aka yaye ta, a nan ta girma. Inna ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma kullum Mama ta dawo daga makaranta sai ta karɓi littattafanta ta buɗe shafi-shafi tana neman jan biron malami. Duk littafin yarinyar nan da tabon yatsan mai a gefe, har malamai sun san shi. To bana Mama ta gama karatun koyarwa, an ba ta aji. Na ƙudurta a raina ranar da za ta fara shiga ajin, da alƙalamin taɓaryar kakarta za ta shiga. Ban gaya mata ba.

Na yanka kan taɓaryar gida uku. Na farkon na huda, na sa gam, na ɗora a injina. Ya yi kyau har ya kusa ƙarewa, sai kawai icen ya saki bututun, cizal ya kama shi, ya tarwatse. Na zauna ina kallon ɓarɓashin a ƙasa. Na kira Alhaji Isifu a waya, ya ce injina ne ke rawa, in kawo sauran Sokode a yi a kan na gaske. Na naɗe guntaye biyun a tsohon kallabin Inna, na ce da gida zan je ziyara.

Ta Tsamiya na fita, na shiga Benin ta Segbana. Hanyar Kandi zuwa Paraku ba abin da zan ce sai Allah ya saka wa ƙugu da alheri. Mu biyu aka cusa a kujerar gaba, ni da wani mai ƙiba, duk sanda direba zai canja giya sai ya nemi izinin gwiwata. Na kwana a Zugu a tasha, da safe muka nufi iyakar Togo.

A bakin iyakar ne aka tsayar da mu bincike. Wata jami'ar kwastan, su duwan suke cewa, doguwa, ba fara'a, ta zazzage jakata ta ci karo da kallabin. Ta kwance, ta ga ice biyu baƙaƙe, ɗaya da ƙuna a gefe. Ta yi mini tambaya da Faransanci, ni kuwa ko “zo in kashe ka” ban sani ba. Wata mai goro da ke bayana ta yi mana tafinta, ta ce ana tambaya ko magani ne. Na ce taɓaryar mahaifiyata ce, ta rasu. Da aka faɗa mata sai ta dube ni, ta dubi icen, ta yi ɗan motsin daka da hannu tana tambaya da ido. Na gyaɗa kai. Wallahi matar nan da kanta ta mayar da su cikin kallabin, ta ɗaure, ta miƙo mini da hannu biyu. Ban taɓa ganin mai kaki ya miƙa wa talaka abu da hannu biyu ba sai ranar.

Daga Kara aka gangara kudu. Akwai wani wuri, Alejo, inda hanya ta ratsa ta tsakiyar dutse, an tsaga shi biyu, bango nan bango nan, mota na bi ta tsakani. Ni mutumin fili, da na ɗaga kai na ga dutse a kanmu sai salati ya kuɓuce mini da ƙarfi. Matan da ke bayana suka kwashe da dariya, ɗaya ta miƙo mini ayaba wai in kwantar da hankali.

Sokode gari ne na masallatai da babura. Ɗan acaɓa, su zemijan suke ce masa, ya ƙi tayar da babur sai na sa hular kwano. Na ce hulata fa? Ya ce doka. Haka na kifa kwanon a kan zannata, na isa unguwar Didawure kamar an kifa wa tulu akushi, Alhaji Isifu na ƙofar gida yana riƙe ciki don dariya.

Mutanen Didawure da yawa jikokin fatake ne, kakannin Alhaji ma goro ya biyo da su ta nan suka zauna. Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne, don makaranta lakwal ce, malami mushe, kuma sai ka ji an ce “matata ya tafi kasuwa” ba wanda ya ɗaga kai. Gaisuwa kuwa, mu da muke taƙama da ladabi a koma makaranta. Na ga magidanci da gemu ya sauka daga babur ya durƙusa har ƙasa a bakin titi don wata tsohuwa, suna ta amsa wa juna, motoci na kauce musu. Da safe aka kawo mini dogon burodi mai ɓawo kamar sanda, da wake da shinkafa da suke kira wace. Da rana sakwara da miyar gyaɗa, da soyayyen cukun Fulani a ciki, wagashi. Sakwarar ce ta tsaya mini a rai tun kafin ta iso, don mata uku ne a kan turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi ba ta karo. Ina jin sautin daga ɗakin baƙi sai na tuna turmin Inna.

Da Alhaji ya buɗe mini ɗakin aikinsa, na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Inji ne na ƙarfe daga Lome, in yana gudu ko tsabar gero ka ɗora a kansa ba za ta motsa ba. Cizal kala-kala a jere a bango. Itatuwa a tsare, wasu manoman Paratawo ne ke kawo masa a babur, wasu guntayen katako ne da yake tsinta a Bilita. Ya jawo wata durowa, alƙaluma kwance a kan ƙyalle, na kaɗanya, na kanya mai baƙar zuciya, har da na ƙahon sa da haske ke ratsawa. Ni da nake ganin na iya, sai na ɓoye nawa na darbejiya a aljihu.

Ya karɓi guntu na biyu da bismillah. Ya huda, ya sa gam mai kyau, aka bar shi ya kwana. Washegari ya ɗora a inji, ina tsaye a kafaɗarsa. Hannun mutumin nan kamar ba ya taɓa icen. Siffa ta fito, har na fara hamdala a zuci, sai na ji ƙas! Abin da ya faru a Jega shi ya faru. Bututu na juyawa tsirara, ice a ƙasa.

Alhaji ya kashe inji ya ce, “Innalillahi. Malam Hamza, na ci amanarka.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma ba a faɗa a gidan da aka shimfiɗa maka tabarma, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Ranar ko sakwarar bai ci ba. Da la'asar ya ce, “Saura ɗaya. Kada ka ba ni, kada ka taɓa. Ka kai wa wanda ya koya mini, Mushe Duti, a Dapaong. In shi ya ce ba zai yiwu ba, ka mayar da shi gida ka ajiye.”

Hanyar arewa doguwa ce. Bayan an wuce duwatsun Kante ƙasa ta fara kwanciya, kafin mu kai Mango na fara ganin kuka da dawa da jakuna, sai ka ce hanyar Argungu. A ƙarƙashin kujerata akwai kwandon zabi, suka yi ta yi mini tsiya har muka isa. Alhaji ya haɗa ni da wani dillalin shanu a zangon Dapaong, shi ya ba ni ɗaki, bai tambaye ni ko ranar tafiya ba.

Abin da ya same ni a kasuwarsu, bari in faɗa da bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri. Ƙishi ya kama ni, na hangi wata mata a rumfa da babbar tukunya, mutane zaune a benci kowa da ƙwarya, abin ciki ja-ja kamar kunun dawa. Na zauna na miƙa hannu. Matar ta dubi carbina, ta dubi goshina, ta janye ƙwaryar ta ce, “Alhaji, wannan ba naka ba ne.” Ashe burkutu ce. Ta tashi ta kamo hannun rigata ta kai ni har rumfar mai fura. Haka garin yake, ga masallaci ga coci, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ba ya ci, kuma shi zai tsare masa.

Mushe Duti tsohon malamin makaranta ne, ɗan ƙabilar Moba, dogo, kansa fari fat, da gicciye rataye a falonsa. Kafin in zauna matarsa ta ajiye mini buta da sabuwar tabarma ta nuna mini gabas. Zabon da aka dafa mini ma mahaucin zango aka kai wa ya yanka. Sannan ya kai ni rumfar aikinsa a bayan gida, a nan na saki baki. Injinsa ba wuta. A kan ƙafar tsohon keken ɗinki ya ɗora shi, irin na takawa, irin wanda na yi shekaru ina kwancewa ina ɗaurawa. Ya ce wuta ba ta san ice ba, ƙafa kuwa in icen ya ji zafi tana ji. Da ya taka na ji wani ɗan kuka a gindin ƙafar. Ban san sanda na tsuguna ba, na ce a ba ni sifana. Kafin shayi ya huce kukan ya ɗauke. Tsohon ya taka, ya saurara, ya ce shekara da shekaru matarsa na cewa kukan nan zai kore ta daga gidan.

Na kwance kallabin na miƙa masa guntun ƙarshe. Bai auna ba, bai ɗauko ƙarfe ba. Ya kai shi hanci ya shaƙa, ya lumshe ido, ya sake shaƙa.

Ya ce, “Ni ba na taɓa ice sai na tambayi aikin da ya yi. Wannan wane aiki ya yi?”

Na ba shi labarin Inna da turmi da tunkuza.

Ya ce, “Shi ne. Gyaɗa. Icen nan ya sha mai har zuciya, gam kuwa ba ya kama mai. Ba injinka ba ne, ba hannun Isifu ba ne.”

Na ce, “Mushe, ai ni tun da na ciro shi daga wuta, duk Juma'a sai na ƙara shafa masa man gyaɗa kada ya tsage, yadda muke yi wa ƙotar gatari.”

Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta fito da ruwa. Da ta ji zancen ta ce abu mai sauƙi, a binne shi a toka mai ɗumi yadda suke yi wa akushin man kaɗe, toka za ta zuƙe man tas. Har na ce to. Mushe ya girgiza kai.

Ya ce, “In an zuƙe tas, me ya rage? Kirya ce kawai, akwai ta a bayan gari. Man nan shi ne hannun uwarka. Ciki kaɗai za mu wanke, inda gam zai zauna. Waje mu bar mata.”

Ya huda icen a hankali, yana tsayawa yana barin shi ya huce. Matarsa ta tankaɗe toka mai ɗumi, aka cika ramin da ita, aka ɗora a kan kwanon rufi rana ta buga. Da yamma aka zazzage, tokar ta fito baƙa, a dunƙule, jiƙe da mai. Aka sake cikawa. Haka muka yi ta yi, kullum in taho daga zango da sassafe in koma bayan la'asar. Tsakani nakan bi mai masaukina kasuwar shanu in ga yadda Fulani da Moba da Hausawa ke ciniki da harsuna uku a kan sa ɗaya, amma hankalina na kan rufin Mushe. Ga lokacin komawa makaranta na matsowa. Ranar da tokar ta zubo fara, a bushe kamar yadda ta shiga, ya sa gam ya zura bututun, ya ce a ba shi kwana.

Da gari ya waye ya ɗaura icen a inji, ya wasa cizal, ya miƙo mini.

Na ja da baya na ce, “Haba Mushe! Don hannunka fa na ratso ƙasa biyu.”

Ya ce, “A wurinmu baƙo ba ya sassaƙa kayan mamacin wani. Ɗa ke yi. In zai fashe, ya fashe a hannunka, za ka iya yafe wa kanka. A hannuna ba za ka iya ba, ka tambayi Isifu.” Ya nuna ƙafar keken ya ce, “Kuma wannan, ka fi ni saninta.”

Na yi bismillah na ɗora ƙafa. Ƙafata kuwa ta san aikinta. Icen ya fara juyawa, na kai cizal a hankali, ɓawon ƙunar ya tafi, ja mai duhu ya bayyana. Sai icen ya ɗumama.

Jama'a, ƙamshin ne ya fara zuwa. Soyayyiyar gyaɗa da hayaƙin kara. Tsakar gidanmu da hantsi, Inna a sunkuye kan turmi, zaninta ɗaure a ƙirji, tana ce mini in matsa kada mai ya fallatso mini. Ina tsaye a bayan gidan wani Kirista a ƙarshen ƙasar Togo, ga mahaifiyata ta cika rumfar. Idona ya rufe da hawaye, na ɗage cizal don ba na gani. Mushe ya dafa kafaɗata har na share.

Da icen ya yi siriri, aka zo daidai inda biyun suka fashe, na ji shi a tafin ƙafata, na rage taki, ina ɗiba kaɗan-kaɗan kamar mai aske kan jariri. Bai saki ba. Na tambayi Mushe me za a shafa masa ya yi ƙyalli, ya ce ba komai. Ya damƙo ɓarɓashin da ya zuba ya sa mini a tafin hannu, ya ce in riƙe icen da shi in taka da sauri. Zafi ya taso, man ya fito daga ciki da kansa, alƙalamin ya ɗauki sheƙi irin wanda ban gani ba ko a durowar Alhaji Isifu. Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana juya shi a rana. Ya ce shi ma bai taɓa ganin irinsa ba.

Na biya ta Sokode don Alhaji ya gani ya samu ya ci abinci. Na iso Jega ana gobe za a koma makaranta. Na tarar da Mama a tsakar gida tana guga. Na miƙa mata na ce “ga tsarabarki.”

Ta yi godiya, ta juya shi tana yaba kyansa, ta riƙe shi a hannu muna hirar hanya. Can sai na ga ta ɗaga shi. Ta kai shi hanci. Ta dube ni.

Ta ce, “Baba, wannan ai ƙamshin Inna ne.”

Na gyaɗa kai. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabon littafin da za ta fara aiki da shi, ta zauna a bakin tabarma, ta buɗe shafin farko ta rubuta sunanta. Sunan da kuka sani ne, ni ba zan rubuta shi a nan ba. Ta miƙo mini in gani. A gefen takardar, inda babban yatsanta ya dafa, ga ɗan tabon mai.